Maƙeran agogo masu zaman kansu: Yadda aikin hannun mutum guda ya kai darajar miliyoyin daloli

A watan Agustan 2021, wani kamfanin dillancin agogo da ke birnin Landan, mai suna A Collected Man, ya sanar da sayar da agogon hannu ƙwaya ɗaya a kan dala miliyan 7.63. Sunan da ke rubuce a fuskar agogon shi ne Philippe Dufour, wani dattijo ɗan ƙasar Suwizalan da ke aiki a ɗan ƙaramin shago a ƙauyen Le Solliat, cikin kwarin Joux. Ba shi da masana'anta, ba shi da allon talla a filin jirgin sama, ba ya kuma ɗaukar nauyin wata gasar wasanni. Jarinsa teburin aiki ne, da madubin ido, da tarin ƙananan magagarai.

Idan aka yi lissafi a kan naira 1,500 kowace dala, kuɗin ya haura naira biliyan 11. Ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 a wata sai ya yi fiye da shekara 13,000 yana aiki, bai ci ba bai sha ba, kafin ya tara su. Don haka mai karatu na da damar tambaya: me ke cikin wannan ɗan ƙarfe, alhali agogon batir na 'yan dubban naira, ko wayar da ke aljihunsa, sun fi shi faɗin lokaci daidai?

Amsar tana cikin tarihin wata sana'a da ta kusa mutuwa shekara 50 da suka wuce, da kuma 'yan tsirarun mutanen da suka ƙi barin ta.

Inji marar batir

Agogon da ake magana a kai shi ne mai wani, irin wanda kakanninmu suka sani. Ƙarfinsa na fitowa daga wani dogon sifirin da ke naɗe cikin 'yar ganga. Idan aka wana agogon, sifirin ya ɗaure, sai ya riƙa warwarewa a hankali yana juya jerin faifai masu haƙora. Da za a bar shi haka, da ƙarfin ya zube cikin 'yan daƙiƙu. Saboda haka aka sa masa wani sashe mai aikin mai gadin ƙofa, wanda ke sakin haƙori ɗaya ya tare na gaba. Wanda ke ba mai gadin umarni kuwa wani zobe ne mai lilo, da ke kai-komo a kan wani sifirin da ya fi gashin kai siranta. A yawancin agogon zamani zoben na bugawa sau 28,800 a awa guda. Wannan bugun shi ne ƙarar da ake ji idan aka kara agogo a kunne.

Hukumar COSC ta Suwizalan, mai tantance ingancin agogo, tana amincewa da wanda bai yi jinkirin da ya wuce daƙiƙa 4 ko saurin da ya wuce daƙiƙa 6 a rana ba. Agogon batir na gama-gari, wanda ƙanƙarar dutsen da ke cikinsa ke girgiza sau 32,768 a daƙiƙa ɗaya, yakan yi wata guda kuskurensa bai wuce 'yan daƙiƙu ba. Ta fuskar faɗin lokaci dai an gama gasa tuntuni, kuma batir ne ya ci.

Shekarun da sana'ar ta durƙushe

Ranar 25 ga Disambar 1969 kamfanin Seiko na Japan ya fitar da Astron, agogon hannu mai batir da ƙanƙarar dutse na farko da ya shiga kasuwa. Cikin shekara goma farashin irinsa ya faɗi warwas, duniya ta rungume shi. A 1970 masana'antar agogo ta Suwizalan na da ma'aikata kusan 90,000. Zuwa tsakiyar shekarun 1980 sun ragu zuwa wajen 30,000. Kamfanoni kimanin 1,600 suka koma wajen 600. Garuruwan tsaunukan Jura, inda manoma suka gaji ƙera kayan agogo a lokacin hunturu tun ƙarni na 18, suka cika da marasa aiki.

Manyan kamfanonin da suka tsira sun yi haka ne ta hanyar haɗewa da juna da mayar da agogo mai wani kayan ƙawa. Amma akwai wasu ƙwararru da suka zauna a shagunansu suna gyaran tsofaffin agogon ƙarni na 18 da na 19, suna koyon sirrin magabata daga cikin injinan da ake kawo musu. A 1985 biyu daga cikinsu, Svend Andersen ɗan asalin Denmark da Vincent Calabrese ɗan asalin Italiya, suka kafa ƙungiyar maƙera masu zaman kansu ta AHCI, domin kowane maƙeri ya samu damar baje aikinsa da sunansa a bajekolin birnin Basel. Kusan duk sunayen da ake rububi a yau sun bi ta wannan ƙofa ko sun amfana da buɗe ta.

Bambancinsu da manyan kamfanoni a bayyane yake a adadi. Masu nazarin kasuwa sun ƙiyasta cewa Rolex na fitar da agogo fiye da miliyan ɗaya a shekara. F.P. Journe, wanda ke cikin mafiya girma a masu zaman kansu, bai kai 1,000 ba. Wasu kuwa ba sa kai 20.

Malami da almajiri a tsibirin Man

Uban wannan tafiya Bature ne ɗan Ingila, George Daniels, wanda aka haifa a 1926 cikin talauci, ya rasu a 2011. A al'adance, agogo guda kan bi ta hannun masu sana'o'i 34 daban-daban: mai yanka haƙora daban, mai ƙera gida daban, mai zanen fuska daban. Daniels ya ƙware a 32 daga ciki, ya riƙa ƙera agogon aljihu shi kaɗai tun daga ɗanyen ƙarfe, kowanne na cin sa wajen shekara guda. Littafinsa mai suna Watchmaking, wanda ya fito a 1981, shi ne har gobe jagoran duk mai son bin wannan hanya.

Ya kuma ƙirƙiro sabon tsarin mai gadin ƙofar nan, wanda ake kira co-axial, da ke rage gogayya tsakanin ƙarafa, ta yadda agogo ba ya dogara ƙwarai da man da ke bushewa da daɗewa. Ya shafe shekaru yana zagaya kamfanonin Suwizalan da shi suna juya masa baya, sai a 1999 Omega ya fara sa shi a agogonsa. A watan Yulin 2019 gidan gwanjon Sotheby's da ke Landan ya sayar da agogon aljihunsa mai suna Space Traveller I a kan fam miliyan 3.6.

Labarin almajirinsa, Roger Smith, ya zama abin bayar da misali a wannan sana'a. Yana saurayi ya karanta littafin Daniels, ya ƙera agogon aljihu, ya kai masa tsibirin Man. Daniels ya duba ya mayar masa, domin a ganinsa alamun hannu sun yi yawa a jikin aikin, alhali gwaninta ita ce hannu ya yi aiki ba tare da an ga sawunsa ba. Smith ya koma ya shafe kusan shekara biyar yana ƙerawa yana warwarewa, kafin malamin ya karɓi na biyu a 1997, daga baya ya kira shi su yi aiki tare. Wannan agogo na biyu gidan gwanjon Phillips ya sayar da shi a New York a watan Yunin 2023 a kan dala miliyan 4.9. Mai haƙuri, in ji Hausawa, shi kan dafa dutse har ya sha romonsa.

Dufour da darajar gogewa

An haifi Philippe Dufour a 1948 a garin Le Sentier. Ya yi aiki da Jaeger-LeCoultre da wasu kamfanoni kafin ya tsaya da ƙafarsa a 1978. A shekarun 1980 ya ƙera wa Audemars Piguet injinan agogon aljihu biyar masu buga ƙararrawa, amma sunan kamfanin ne ya fito a fuska. Wannan ya sa ya ƙudura yin nasa. A 1992 ya baje agogon hannu na farko a tarihi mai tsarin Grande et Petite Sonnerie, wanda ke buga ƙararrawa da kansa a kowace awa da kowane rubu'in awa kamar agogon hasumiya, idan kuma aka taɓa shi ya buga lokacin da ake ciki har zuwa minti. Takwas kawai ya ƙera, kuma na uku a cikinsu ne aka saya a kan dala miliyan 7.63.

Kasuwa ba ta yi masa maraba nan take ba. A 1996 ya fitar da Duality, mai zoben lilo biyu da ke raba kuskure tsakaninsu. Ya yi niyyar ƙera 25, amma rashin masu saye ya sa ya tsaya a tara. Sai a shekarar 2000 ya zo da Simplicity, wanda ba ya nuna komai sai awa da minti da daƙiƙa. Ya ƙera kimanin 200, kuma mafi yawansu Japan suka tafi, inda masu tara agogo suka riga Turawa gane darajarsa. Agogon da a lokacin ake saye da dubban daloli 'yan gomiya, a Nuwambar 2020 wani sabon samfurinsa na cikar shekara 20 ya kai faran miliyan 1.36, kuɗin Suwizalan, a gwanjon Phillips na birnin Jeneba.

Abin da ake biya a Simplicity gogewa ce. Duk gefen ƙarfen da ke cikin injin ana feƙe shi da magagari, sannan a goge shi har ya yi sheƙi, kuma Dufour na kammala wannan aiki da busasshen karan wani tsiro mai suna gentian da ke fitowa a tsaunukan yankinsu. Masana kan ɗauki madubi su nemi lungunan da gefuna biyu suka haɗu ta ciki. Na'ura na aiki ne da kai mai juyawa, don haka lungunta kan fito a lanƙwashe. Hannu kaɗai ke fitar da shi da kaifi. Yawan irin waɗannan lungunan da tsaftarsu su ne sa hannun maƙeri na gaskiya, kuma har sassan da mai agogo ba zai taɓa gani ba ana yi musu wannan hidima.

Journe da sabon zubi

François-Paul Journe, haifaffen birnin Marseille na Faransa a 1957, ya bi wata hanya. Da ya rasa jarin kafa kamfani a 1999, sai ya farfaɗo da dabarar da Abraham-Louis Breguet ya yi amfani da ita a ƙarshen ƙarni na 18: ya nemi mutum 20 su ba da kafin alƙalami a kan agogon da bai riga ya ƙera ba. Da kuɗinsu ya fara. A shekarar 2000 ya fitar da Chronomètre à Résonance, mai zoben lilo biyu da aka jera dab da juna har bugunsu ya daidaita da kansa, wani al'amari da masanin kimiyya Christiaan Huygens ya fara lura da shi a agogon bango tun 1665. Daga 2004 ya koma ƙera injinansa da zinare. A Nuwambar 2024 agogon hannu na biyu da ya taɓa ƙerawa, na shekarar 1993, ya kai faran miliyan 7.32 a Jeneba.

Bayansu akwai Kari Voutilainen ɗan ƙasar Finland, wanda ya buɗe shagonsa a ƙauyen Môtiers a 2002. Akwai Rexhep Rexhepi, wanda aka haifa a Kosovo a 1987, yaƙi ya kai shi Jeneba yana yaro, ya koyi aiki a Patek Philippe, ya kafa Akrivia a 2012, sannan a 2018 ya ci kyautar agogon maza a babbar gasar GPHG. A Japan akwai Hajime Asaoka, wanda ya koyar da kansa sana'ar. A Disambar 2020 hukumar UNESCO ta sa ƙirar agogo mai wani ta yankin Jura, ɓangaren Suwizalan da na Faransa, cikin jerin al'adun da duniya ta gada.

Yadda ake saye, da inda ake tuntuɓe

Kuɗi kaɗai ba ya buɗe ƙofar waɗannan shaguna. Mai so yakan rubuta wa maƙeri, ko ya same shi a bajekolin Jeneba ko na Dubai, ya ba da wani kaso na kuɗin, ya jira shekaru. Maƙeran na tantance wanda za su sayar wa, domin suna ƙyamar mai saye yau ya kai gwanjo gobe. Wanda bai iya jira ba sai ya nufi Phillips ko Christie's ko Sotheby's, inda bayan farashin guduma zai biya ladan gidan gwanjo, wanda kan kai wajen rubu'in kuɗin a matakin farko.

Masu tarawa na duba abubuwa huɗu: adadin da aka ƙera, matsayin agogon a tarihin maƙerin, lafiyar jikinsa, da silsilar waɗanda suka mallake shi. Agogon da aka goge gidansa don ya yi kama da sabo darajarsa raguwa take yi, domin gogewar na cinye asalin siffarsa. Kwali da takardar shaida na asali kan ƙara masa kuɗi sosai.

Haɗarin farko shi ne farashi. Bayan hauhawar da aka gani lokacin annobar korona, farashin manyan agogo na hannu-biyu ya kai ƙololuwa a farkon 2022, sannan ya yi ta sauka fiye da shekara biyu. Kasuwar masu zaman kansu kuma siririya ce: mutum biyu da suka nace a gwanjo na iya kafa tarihi, amma ranar da ɗayansu ya janye babu tabbacin samun na uku.

Na biyu shi ne algus. A Nuwambar 2021 an sayar da wani tsohon Omega Speedmaster a kan fiye da faran miliyan 3, kuma kamfanin Omega da kansa ne ya saya don gidan tarihinsa. A 2023 kamfanin ya bayyana cewa agogon haɗe-haɗe ne na sassa daga agogo daban-daban, ya kuma zargi wasu tsofaffin ma'aikatansa uku da hannu a ciki. Idan wanda ya ƙera abu zai iya ruɗuwa da shi, ina ga baƙo? Haka nan akwai kayan sata, shi ya sa masu hankali ke bincika lambar agogo a rumbun The Watch Register kafin su biya.

Na uku shi ne gyara. Injin agogo na buƙatar wanki da sabon mai duk bayan 'yan shekaru, ƙura da danshi da maganaɗisun kayan lantarki kuma abokan gabansa ne. Sassan agogon mai zaman kansa ba a samun su a kanti. Idan haƙori ya karye sai an mayar da shi shagon da ya fito, a jira watanni, a biya inshora da kuɗin jigila.

Agogo a hannun ma'aikacin gwamnati

Dukiyar da ke shiga aljihun riga, ta tsallake iyaka a tsintsiyar hannu, dole ta ja hankalin masu bincike. A 2012 hoton wani jami'in lardin Shaanxi na ƙasar Sin, Yang Dacai, ya yaɗu yana murmushi a wurin da mota ta yi mummunan haɗari. Masu amfani da intanet suka tono tsofaffin hotunansa suna ƙirga agogon da yake sauyawa, kuma a 2013 kotu ta ɗaure shi shekara 14 kan cin hanci da dukiyar da ya kasa bayyana tushenta. A Nuwambar wannan shekara ministan sufuri na Poland, Sławomir Nowak, ya yi murabus saboda agogo ɗaya da bai rubuta a takardar bayyana kadarorinsa ba. A Maris na 2024 'yan sanda suka kutsa gidan shugabar Peru ta lokacin, Dina Boluarte, suna neman agogon Rolex da aka gani a hannunta.

A nan gida, a 2019 Babbar Kotun Tarayya da ke Legas ta mallaka wa gwamnati kayan ado da aka ƙiyasta a kan dala miliyan 40, waɗanda hukumar EFCC ta danganta da tsohuwar ministar man fetur Diezani Alison-Madueke. Cikinsu har da agogon hannu 189.

Doka ba ta hana ma'aikaci son agogo ba, amma ta gindaya sharuɗɗa. Jadawali na Biyar na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya wajabta wa jami'in gwamnati bayyana dukkan kadarorinsa ga Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata lokacin kama aiki, da duk bayan shekara huɗu, da lokacin barin aiki. Dukiyar da ta ƙaru wadda albashi ko halastacciyar kyauta ko rance ba su iya bayyana ta ba, ana ɗaukar ta a matsayin saɓa ƙa'ida har sai ya kawo hujja. Kyauta daga kamfani ko ɗan kwangilar gwamnati ma haka take. Wadda aka yarje ita ce ta dangi da aminai, gwargwadon abin da al'ada ta sani. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 kuma ta haramta wa mutum biyan tsabar kuɗi fiye da naira miliyan 5 ba ta hannun banki ba. Hadimin da aka aika ya karɓo wa maigida ɗan kwali daga hannun baƙo ya kamata ya san cewa abin da ke ciki na iya fin motar da ya je da ita tsada, kuma a zamanin kyamarar waya akwai masu gane agogo daga hoton taro.

Wa zai gaji teburin?

Nasarar masu zaman kansu ta jawo manyan attajiran da suka guje wa tun farko. Chanel ya sayi kashi 20 cikin 100 na F.P. Journe a 2018, ya ƙara da kashi 25 na MB&F a 2024. Louis Vuitton ya kafa kyauta ta musamman don maƙera masu zaman kansu, wadda Raúl Pagès ya fara ci a 2024. Jarin na ba su kwanciyar hankali da tabbacin cewa za a ci gaba da gyara agogonsu bayan ransu, sai dai masu tarawa na fargabar ranar da masu hannun jari za su nemi a ninka adadi, domin ƙarancin ne tushen darajar.

Dufour ya haura shekara 75, Journe na dab da 70. Daniels ya bar wa Roger Smith kayan aikinsa baki ɗaya, kuma da su ake ci gaba da ƙira a tsibirin Man. A Le Solliat, 'yar Dufour ta koyi sana'ar tana zama teburi kusa da mahaifinta. Gidajen gwanjo za su ci gaba da sanar da sabbin farashi kowane Mayu da Nuwamba, amma yawan agogon irin wannan da za a samu nan da shekara 30 ya rataya ne a kan yawan matasan da za su yarda su shafe shekara biyar suna gyara aikin da malami ya mayar musu.